An bar jaki ana dukan taiki: dokokin awon makarantu da malamai a Amurka

Ran 8 ga watan Janairu na shekara ta 2002, a cikin wata makarantar sakandare ta garin Hamilton, jihar Ohayo, shugaba George Bush ya sa hannu a kan wata dokar ilimi wadda aka raɗa wa suna mai daɗin ji, wai kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Amurkawa na taƙaita sunan da haruffa huɗu, NCLB. Sanata Edward Kennedy, wanda ba jam'iyyarsu ɗaya da Bush ba, yana tsaye kusa da shi, domin dokar ta samu goyon bayan ɓangarori biyu: ƙuri'a 381 a majalisar wakilai, 87 a ta dattawa. Alƙawarin da ke cikinta kuwa ba ƙarami ba ne. An rubuta cewa kafin ƙarshen shekarar karatu ta 2014 kowane ɗalibi na makarantun gwamnati, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, mai lafiya da mai nakasa, wanda aka haifa da Ingilishi a baki da wanda ya sauka ƙasar jiya, zai kai matsayin ƙwarewa a karatu da lissafi. Kashi 100 cikin 100, ba ragi. Duk malamin da ya taɓa riƙe alli wata uku ya san wannan zance ne na wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Amma an zuba shi cikin doka, aka rataya masa hukunci, kuma hukuncin ya sauka a kan wanda ya fi kowa ƙarancin iko cikin sha'anin.

Kafin a gane girman rashin adalcin, sai an san yadda kuɗin makaranta ke tafiya a can. Gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da makarantu ba. Abin da take bayarwa wajen kashi ɗaya ne cikin goma na kuɗin da ake kashewa. Sauran na fitowa daga jihohi da kuma gundumomin makarantu sama da 13,000, waɗanda galibi ke dogara ga harajin gidaje da filaye. Unguwa mai manyan gidaje tana tara haraji mai yawa ta gina makaranta mai kyau, unguwar talakawa kuwa ta tara abin da ta samu. A 1973 ƙarar da wasu iyaye na birnin San Antoniyo suka shigar kan wannan tsari ta ƙare a kotun ƙoli, alƙalai biyar daga cikin tara suka ce tsarin mulkin tarayya bai hana shi ba. Dokar 1965, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a gaban tsohuwar makarantarsa ta ƙauye a Teksas, malamarsa ta farko na zaune gefensa, an yi ta ne don a ƙara wa makarantun ƴaƴan talakawa ɗan abin hannu. Johnson da kansa ya koyar da ƴaƴan ƴan asalin Meziko a garin Kotula a 1928, ya ga yara na zuwa aji da yunwa. Dokar 2002 sabunta waccan ce, sai dai ta juya alƙiblarta: ta 1965 ta tambayi abin da aka ba yaro, ta 2002 ta tambayi abin da yaro ya fitar ranar jarrabawa.

Ga yadda aka tsara ta. Kowace shekara za a yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi daga aji na uku zuwa na takwas, da sau ɗaya a manyan azuzuwan sakandare. Dole makaranta ta nuna ci gaba kowace shekara, kuma ba a dunƙule kawai ba, sai an ware sakamakon baƙar fata, da na ƴan asalin Latin Amurka, da na matalauta, da na naƙasassu, da na masu koyon Ingilishi. Rukuni ɗaya ya gaza, makaranta duka ta gaza. Shekara biyu a jere, a ba iyaye damar cire ƴaƴansu. Uku, a biya musu darasin ƙari daga kuɗin makarantar. In abin ya ci gaba, a canza ma'aikata, ko a miƙa makarantar ga wasu, ko a rushe shugabancinta.

Dole a faɗi alherin da ke ciki. Ware sakamako rukuni-rukuni ya yaye bargon da makarantu da yawa ke lulluɓa da shi, waɗanda matsakaicin makinsu ke da kyau alhali ƴaƴan baƙar fata da ke cikinsu ba su iya karanta shafi guda. Shi ya sa a 2015, sa'ad da ake ta kiran a soke jarrabawar shekara-shekara, manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da na naƙasassu suka tsaya kai da fata a bar ta. Binciken Thomas Dee da Brian Jacob ya kuma nuna an samu ƙaruwa ta gaske a lissafin ƴan aji huɗu, ko da yake bai ga irinta a karatu ba. Wanda ya ce dokar ba ta tsinana komai ba ya yi ƙarya. Tambayar ita ce me aka biya, kuma wa ya biya.

An umarci jihohi su cika mudu, sa'an nan aka bar wa kowace jiha ta sassaƙa nata mudun. Ita za ta tsara jarrabawarta, ita za ta yanke makin da za a kira ƙwarewa. Ɗan kasuwar hatsi na Maraɗi ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da zai biyo baya. A 2005 jihar Misisipi ta ba da sanarwar cewa kashi 89 cikin 100 na ƴan aji huɗunta sun ƙware a karatu; jarrabawar ƙasa baki ɗaya da ake kira NAEP, wadda ba ta da hukunci a bayanta kuma ba wanda ke da dalilin murɗe ta, ta samu kashi 18. A jihar Tenesi, lissafin ƴan aji takwas: 87 a mudun jiha, 21 a mudun ƙasa. Jihar da ta riƙe mudu na gaskiya, kamar Masacuset, ita ce makarantunta suka yi ta shiga jerin masu gazawa, maƙaryata kuwa suka sha yabo. Duk da tauye mudun, a 2011 kusan rabin makarantun ƙasar, kashi 48 cikin 100, doka ta kira su masu gazawa. Ma'aunin da ya ce rabin gari ɓarayi ne, shi ya kamata a fara tuhuma.

A cikin aji kuwa abin da ya faru kowane mushe zai iya hasashensa. Tun da karatu da lissafi kaɗai ake aunawa, sai aka matse tarihi da labarin ƙasa da kimiyya da zane da kiɗa. Wani ƙidayar 2007 ya samu kashi 44 cikin 100 na gundumomi sun rage lokacin waɗannan darussa a firamare. Tun da abin da ake ƙirgawa shi ne yawan waɗanda suka tsallake layi, sai hankali ya koma kan yaran da ke dab da layin. Mai hazaƙa zai wuce da kansa, wanda ke can ƙasa ba zai kai ba ko an yi me, don haka duka biyu a bar su. Dokar da aka yi don kada a bar kowa a baya ta koya wa makarantu ainihin wanda ya fi riba a bari.

Daga nan sai maguɗi. Rod Paige, ministan ilimi na farko na Bush, an ɗauko shi ne daga shugabancin makarantun birnin Hustan saboda abin da ake kira abin al'ajabin Teksas. A 2003 aka gano wata babbar sakandare ta birnin ta rubuta cewa ba ɗalibi ko ɗaya da ya bar karatu a cikinta, alhali ɗaruruwa sun ɓace daga rajista. Na birnin Atalanta ya fi muni. Rahoton da gwamnatin jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da daraktoci 178 a makarantu 44 da hannu cikin gyara takardun jarrabawa, wasu ma taruwa suke yi a gida su goge amsar kuskure su cika daidai. Shugabar makarantun birnin, Beverly Hall, wadda aka ba lambar gwarzuwar shekara ta ƙasa a 2009, ta rasu kafin a yi mata shari'a. A watan Afrilu na 2015 aka samu mutum goma sha ɗaya da laifi a ƙarƙashin dokar da aka tanada don gungun ƴan ta'adda masu cin dukiyar haram, aka fita da malaman makaranta da ankwa a hannu. Ba mai wanke su. Sun cuci yaran da aka ce sun iya karatu alhali ba su iya ba, aka hana su taimakon da ya kamata su samu. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda ya ɗora wa darakta adadin da ba ya yiwuwa, ya ce aikinsa da albashinsa na rataye a kai, bai kwana ko dare ɗaya a kurkuku ba.

Ɓangaren dokar da ya shafi ingancin malami shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan munafuncin ya fito fili. An ce kafin ƙarshen shekarar karatu ta 2006 kowane malami na manyan darussa ya zama «mai cikakkiyar ƙwarewa»: yana da digiri, yana da cikakkiyar takardar izinin koyarwa ta jiha, ya nuna ya san fannin da yake koyarwa. In yaro ya yi mako huɗu a hannun wanda bai cika sharaɗi ba, a rubuta wa iyayensa. Magana mai kyau. Sai dai tun a 2002 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ta ce wanda ke kan hanyar samun takardar, ko da makonni kaɗan ya yi na horo, a lissafa shi cikin ƙwararru. Irin waɗannan masu koyon aiki, ciki har da matasan ƙungiyar Teach For America waɗanda a wancan lokaci suke yin horon mako biyar lokacin hutu, ba a makarantun masu hali ake zuba su ba. Iyaye a Kalifoniya suka kai ƙara, a watan Satumba na 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya. Cikin wata uku majalisa ta cusa wani ɗan sakin layi a dokar kasafin kuɗi ta wucin gadi, ta mayar da mai koyon aiki ƙwararre da ƙarfin doka. Ba a ƙara wa ɗan talaka malami ba. An dai canza ma'anar kalma don kada a aika wa uwarsa wasiƙa.

Akwai wata ƙofar da ta fi wannan daɗewa a buɗe. Doka ta ce gundumar da ke son kuɗin tarayya sai ta nuna tana yi wa makarantunta na talakawa da na masu hali hidima daidai wa daida daga aljihunta. Amma wajen lissafin, an yarda a cire bambancin albashi da ke zuwa daga daɗewa a aiki. Malamai ashirin masu shekara ashirin-ashirin a aiki, da malamai ashirin da suka fara bara, a takarda duk ɗaya ne. Kowa kuma ya san tafiyar malami: ya fara a makaranta mai wahala, in ya samu shekaru ya nemi canji zuwa unguwa mai sauƙi, albashinsa mai kauri ya bi shi. Sakamakon haka gunduma ɗaya na iya kashe kuɗi mai yawa a kan ɗan mai hali fiye da ɗan talaka, kuma ta cika sharaɗin daidaito. An san wannan ƙofa tun da daɗewa. Ba a rufe ta a 2002 ba, ba a rufe ta a 2015 ba. A 2016 minista John King ya gwada matsa wa gundumomi ta wata hanyar, sai ƴan majalisa da gwamnoni da shugabannin gundumomi suka taso masa, har da manyan ƙungiyoyin malamai biyu, waɗanda ke tsoron a tilasta wa tsofaffin membobinsu canjin wurin aiki. Aka janye daftarin a Janairun 2017. Wannan abin kunya ne ga ƴan sandika, kuma bai kamata ƴan uwansu na ko'ina su rufe musu shi ba.

Zamanin Obama bai sauke bulalar ba, ya dai matso da ita daga makaranta zuwa bayan malami shi kaɗai. A 2009 minista Arne Duncan ya buɗe gasar dala biliyan 4.35 tsakanin jihohi, a lokacin da tattalin arziki ya karye kowa na neman abin toshe rami. Daga 2011 kuma ya fara yafe wa jihohi wa'adin 2014, bisa sharaɗin su riƙa auna malami da makin ɗalibansa. Jihohi sama da arba'in suka karɓa. Jihar Washinton da ta ƙi cika sharaɗin aka ƙwace mata yafiyar a 2014. Dabarar ita ce kwamfuta ta yi hasashen makin da yaro zai ci, in ya zarce a ce malami ya ƙara, in ya kasa a ce malami ya rage. A 2010 jaridar Los Angeles Times ta buga sunayen malamai wajen 6,000 da matsayin kowane, a 2012 aka yi wa wajen 18,000 haka a birnin Niyok. Malamin da ke sama bana sai a gan shi ƙasa baɗi, shi ne dai, ajinsa ne ya canza. Tun da yawancin malamai ba sa koyar da darussan da ake jarrabawa a kai, a Filorida an auna wasu da makin yaran da ba su taɓa shiga ajinsu ba. Alƙalin tarayya da ya saurari ƙarar a 2014 ya yarda tsarin ba adalci, amma ya ce bai saɓa wa tsarin mulki ba. A shekarar nan ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta yi gargaɗin cewa bambancin malamai bai bayyana fiye da kashi 1 zuwa 14 cikin 100 na bambancin makin ɗalibai. Gidauniyar Gates da wasu gundumomi sun zuba dala miliyan 575 a gwajin wannan hanya, cibiyar RAND ta bi sawu ta ba da rahoto a 2018: ba a ga ci gaban da aka sa rai ba, kuma ƴaƴan talakawa ba su ƙara samun malamai nagari ba.

Da abin ya ishi kowa, har iyayen ɗalibi ɗaya cikin biyar a jihar Niyok suka hana ƴaƴansu zama jarrabawa a 2015, majalisa ta yi sabuwar doka, ESSA, Obama ya sa hannu ran 10 ga Disamba na shekarar. An bar jarrabawar shekara-shekara da ware sakamako. An soke wa'adin kashi 100. An ce kowace jiha ta gano kashi 5 cikin 100 na makarantun talakawa mafi rauni ta taimaka musu yadda ta ga dama. An hana minista tsoma baki a awon malamai. Kuma aka share sharaɗin ƙwarewar malami ɗungurungum, aka ce abin da jiha ta kira malami shi ne malami. A Maris na 2017 majalisa ta soke har ƙa'idodin aiwatar da dokar, da ƙuri'a 50 da 49 a dattawa.

Wannan ne ake kira gyara, alhali gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Sharaɗin 2002 rarrauna ne, gaskiya, takarda ba ta koyarwa. Amma maganin katanga mai ɓaraka ba rushe ta ba ne. Jihohin da suka ƙi biyan albashi mai kyau, har malamai suka fita yajin aiki a Bajiniya ta Yamma da Okalahoma da Arizona a 2018, sai suka samu hanya mai arha. Okalahoma ta yi ta raba takardun koyarwa na gaggawa dubbai a shekara. A 2022 Arizona ta yarda wanda bai gama jami'a ba ya fara koyarwa, Filorida ta buɗe wa tsofaffin sojoji marasa digiri ƙofar aji. Ba sai an tambayi ajin ƴaƴan wa suka shiga ba. Sakamakon NAEP na 2024 ya nuna kashi 40 cikin 100 na ƴan aji huɗu da kashi 33 na ƴan aji takwas ba su kai ko matakin farko na karatu ba, kuma waɗanda suka fi zamewa su ne na ƙasa. Annobar korona na da nata kason, amma zamewar ta fara kafin 2020. A Maris na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a umarnin fara rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya, aka rage ma'aikatanta kusan rabi, ciki har da yawancin masu kula da ƙididdiga. Masu cewa a mayar wa jihohi komai sun manta cewa jihohin ne suka sa aka yi dokar 1965, kuma su ne suka tauye mudu a 2005.

Abin lura, jihar da ta fi ba da mamaki a shekarun nan ita ce Misisipin nan dai. Ta daina yaudarar kanta, ta tsaurara jarrabawarta, kuma daga 2013 ta sake horar da malaman ƙananan azuzuwa kan yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da sauti, ta tura masu ba da shawara su zauna cikin makarantu mafi rauni mako bayan mako. A karatun ƴan aji huɗu ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 9 a 2024. Akwai gardama kan dokarta ta maimaita aji na uku da yadda take shafar alƙaluman, gardama ce mai tushe. Amma ba wanda ya ce an kai nan ta hanyar buga sunayen malamai a jarida.

Malaman Nijar ba baƙin wannan labari ba ne. A Yulin 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta zaunar da dubban ƴan kwantaragi jarrabawa, wasu ƙungiyoyi suka ƙaurace, aka sallami wasu daga aiki. Malamin da bai iya abin da zai koyar ba bai kamata ya riƙe aji ba, a Tawa ko a Atalanta. Sai dai wanda ya ɗauke shi aiki ba horo, ya tura shi ƙauye da albashin da ba ya zuwa kan lokaci, ba a ji an zaunar da shi tasa jarrabawar ba.

Abin da ya kamata majalisar Amurka ta yi ba boyayye ba ne. A bar awo, mudu ɗaya na gaskiya, a riƙa bayyana sakamako rukuni-rukuni, amma a raba shi da albashi da korar malami ɗaya-ɗaya. A mayar da sharaɗin shiga aji, wannan karo ba tare da ƙofar baya ba, mai koyon aiki a kira shi mai koyon aiki kuma a faɗa wa iyaye. Hukuncin kuɗi kuwa ya hau kan jiha da gunduma, su da ke raba malamai da dala. Kayan aikin ma na nan: dokar 2015 ta tilasta wa jihohi su buga abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi makaranta-makaranta, da albashin gaske a ciki, kuma ta ce su nuna cewa ba a tara wa ƴaƴan talakawa sababbin malamai da waɗanda ke koyar da fannin da ba nasu ba. An buga alƙaluman, amma dokar ba ta rataya wa gibin da suka nuna wani hukunci ba, kuma jimlar da ta yarda a cire albashin daɗewa daga lissafin daidaito ta tsallake gyaran 2002 da na 2015 ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba.